Hukuncin sanya wa haƙori hula da yi mashi gada

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗalibinka ne daga Ƙofar Marusa nan Katsina. Wata 3 da suka wuce na faɗi bisa mashin wajen Ƙofar Ƙaura da daddare, haƙorina na gaba na sama guda ya fice gaba ɗaya, na kusa da shi kuma ya ɓalle rabi. Likitan haƙori yace za a yi man gada, wato a kankare wanda ya ɓalle da kuma lafiyayyen da ke ɗaya gefen a sa masu hula, sai na tsakiya ya rataya jikinsu a liƙe da siminti baya fita. To kawuna yace wai canza halittar Allah ne kuma wankan janaba na ba zai inganta ba tunda ruwa baya taɓa haƙorin asali. Dan Allah Malam mene ne gaskiya? Wallahi ko dariya na daina yi cikin mutane.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara sauƙi ɗan'uwa, ya sa kaffara ne. Kaje kayi aikinka, ya halatta, babu laifi a kanka, kuma wankanka da alwallarka duk suna nan lafiya lau. Amma bari in warware maka dalili saboda kawu shima ba da ka yayi magana ba, akwai nassin da ya jiyo, wurin ɗora shi ne aka samu kuskure.

Abin da kawu yake nufi shine hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim, inda aka la'anci masu yin zane a jiki da masu tsige gira da "almutafallijati lil husni", wato matan da ke goge haƙoransu da magagari su buɗe tsakani don kyau, masu canza halittar Allah. Mu a Hausa wushirya kenan ta ƙarya, wadda ba a haifi mutum da ita ba. Sai kuma aya ta 119 a Suratun Nisa'i inda Shaiɗan yayi alwashin zai umarce su su canza halittar Allah. To ka riƙe kalmar nan "lil husni", don kyau, nan malamai suka tsaya, har Imamun Nawawi da Ibnu Hajar wajen sharhin hadisin suka ce wannan ƙaidin yana nuna wanda yayi don magani ko don wani aibu a haƙorin ba shi cikin la'anar. Kai haƙorinka Allah ya halicce shi cikakke, kwalta ce ta canza shi, likita kuma mayar da shi zai yi yadda yake.

Kuma muna da nassi ƙarara. Sahabi Arfajatu ɗan As'ad an yanke mashi hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa aka ƙera mashi na azurfa, sai ya riƙa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito shi, kuma Tirmizi ya ƙara da cewa an ruwaito daga malamai ba ɗaya ba cewa sun ɗaure haƙoransu da zinare. Kaga fa zinare ne, abin da aka haramta ma ɗa namiji, amma da lalura ta zo aka bashi dama, balle kai da za a sa ma tangaran ko zirkoniya mai kalar haƙori. A mazhabarmu ta Malikiyya ma Shehu Khalil cikin Mukhtasar da ya kawo haramcin namiji yayi amfani da abin da aka yi ma ado da zinare ko azurfa, sai ya togace Alƙur'ani da takobi da hanci da ɗaurin haƙori.

Inda ni nafi tsayawa a tambayarka shine lafiyayyen haƙorin nan da za a kankare, don shi kam bai yi haɗari ba, kuma abin da aka kankare daga jikin haƙori baya sake tsirowa har abada. Anan hukuncin yana bin manufa ne, gada bata tsayuwa sai da ginshiƙi gefe da gefe, to kankarar tashi hanya ce zuwa ga magani, kuma hanya tana ɗaukar hukuncin abin da ake nufi da ita. Sai dai ina baka shawara ka zauna da likitan ka tambaye shi sauran hanyoyi, akwai na roba mai cirewa da mayarwa wanda shi yafi araha, akwai dashe inda ake kafa ƙusar ƙarfen titaniyom cikin ƙashin muƙamuƙi a ɗora haƙori bisa ba tare da an taɓa maƙwabta ba, shi kuma yafi tsada kuma yana ɗaukar watanni kafin ƙashi ya kama. In kana da halin dashen kuma likita yace ƙashinka zai ɗauka, na fi so maka shi don an tsirar da lafiyayye, in babu hali kayi gadarka hankali kwance.

Kada ma wani yace maka giɓi ai ba ciwo bane haƙuri za kayi. Giɓi in ya daɗe haƙoran gefe karkatowa suke cikin gurbin, tauna ta lalace, abinci ya riƙa maƙalewa. Ga kuma karatu, harafin fa'un daga leɓen ƙasa yake fita tare da bakin haƙoran gaba na sama, sa'un mai ɗigo 3 da zalun da za'un mai hannu suma daga kan harshe ne da bakin waɗannan haƙoran. Akwai wani dattijo da muke karatun zaure tare, mai kyan ƙira'a ƙwarai, da haƙoransa na gaba suka zube sai naga in an tsaida salla yana ja da baya yana tura yara gaba, in zai yi magana sai ya ja gefen rawani ya rufe baki, abin ya tsaya man a rai sosai. Ranar da 'ya'yansa suka kai shi aka sa mashi, da magariba shi ya ja mu salla.

Maganar wanka kuwa, a Malikiyya kurkure baki sunna ne a alwalla da wanka duka, yana nan cikin Ahalari da Ishmawi da muka karanta tun muna yara. Ko a wajen Hanbaliyya da suka wajabta shi a duka biyun, da Hanafiyya da suka wajabta shi a wanka, abin da aka liƙe don lalura baya fita ya zama kamar ɓangaren baki ne, ruwa ya bi ta kanshi ya wadatar. Ai Annabi (SAW) bai ce ma Arfajatu ya riƙa cire hancin duk alwalla ba, alhali hanci yana cikin fuska da wanke ta farilla ne. In aikin ya faɗo cikin azumi, Majalisar Fiƙhu ta Duniya a zamanta na Jidda a 1997 ta yanke cewa haƙar haƙori da cire shi da wanke shi basa karya azumi matuƙar ba a haɗiye wani abu ba, allurar kashe zafi da ake yi a dasashi ita ma ba abinci bace, amma in zaka iya ɗagawa zuwa dare ko bayan salla yafi, don ruwan da injin ke fesawa yana da wuyar tsarewa.

Tunda an zo nan dole in taɓo haƙorin Makka, don nasan za a tambaya. Mace zinare halal ne gare ta, magana kan namiji ce, kuma namijin da haƙorinsa lafiya ƙalau yaje a kankare shi a sa mashi hular zinare don a san yaje Hajji, wannan ban ga hanyar halatta shi ba, ga zinare ba lalura, ga ɓata lafiyayyen haƙori don ado. Ita ma macen ina jiye mata kankare lafiyayye don ado kawai. Wanda ya riga ya sa bisa rashin sani yaje wajen likita, in za a iya musanya shi da mai kalar haƙori ba tare da cuta ba ya musanya, in cirewar zata jawo cuta ya barshi ya nemi gafara.

Kai dai ka nemi ƙwararren likita a asibiti mai tsaftace kayan aiki, kada ka kai bakinka wajen masu yi a kasuwa, hular da bata zauna daidai ba ƙazanta ke taruwa ƙarƙashinta haƙorin ya ruɓe ta ciki ba a sani ba sai wari ya fito. Bayan an sa ka riƙe asuwaki da buroshi, ka tambaye shi yadda ake wanke ƙarƙashin gadar. Kawu kuma ka same shi cikin ladabi bayan ya ci abinci ya huta, ka karanta mashi labarin Arfajatu, in bai gamsu ba ku zo tare bayan la'asar mu buɗe Mukhtasar ɗin ya gani da idonsa.

Wallahu a'alam.