Hukuncin yawo da waya ana tattara Wi-Fi ɗin mutane ana zuba su a taswira

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibi ne ina karantar kwamfuta a Zariya, akwai wata manhaja WiGLE da na sa a wayata, in zan hau mashin zuwa makaranta sai in kunna ta in jefa wayar a aljihu, duk Wi-Fi ɗin da na gifta sai ta rubuta sunansa da inda yake da irin makullin da aka sa masa, in na dawo sai in tura ya hau taswirar da kowa a duniya zai iya gani. Wallahi Malam ban taɓa hawa na kowa ba, sha'awa ce kawai da son sani. To shi ne wani abokina ya ce wai leƙen asiri nake yi, har ya ja mini ayar tajassusi. Shin haramun nake aikatawa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya, shi ma abokin naka Allah ya saka masa da alheri.

Ban amsa maka da wuri ba saboda ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba, sai da na sa wani ɗalibina ya sauke manhajar ya kunna mini ita a zaure bayan Magariba. Muna zaune ko motsi ba mu yi ba sunaye suka fara jeruwa, wani sunan kamfanin layi ne da lambobi, wani an rubuta gidan Alhaji wane, wani kuma lambar wayarsa ce ɗungurungum ya sa a matsayin suna. Ya bayyana mini cewa na'urar Wi-Fi ita da kanta take shelar sunanta kusan sau 10 a kowace daƙiƙa, kuma kowace waya tana jin wannan shelar, da haka ne ma sunayen ke fito maka in ka buɗe Wi-Fi. Abin da manhajar ta ƙara shi ne rubutawa, da lambar na'urar wadda ba ta cika canzawa ba, da wurin da GPS ya nuna.

To in haka ne, gani da rubutawar kansu halal ne, domin asali a cikin abubuwan duniya shi ne halacci har sai dalili ya zo da hani. Tajassusin da Allah ya hana a Suratul Hujurat aya ta 12 shi ne bin diddigin abin da mutane suka ɓoye, wanda ya kafa allo a ƙofar shagonsa kuwa ba zai ce wa mai wucewa don me ka karanta ba. A nan abokinka ya faɗaɗa ayar fiye da inda ta tsaya.

Amma akwai ƙofa, kuma a bakinta halaccin ya ƙare. Ranar da ka danna ka hau Wi-Fi ɗin wani ba da izninsa ba, ko ka zauna kana gwada kalmar sirri, ko ka ga nasa tsohon makulli ne irin WEP da aka daɗe da sanin yana ɓalluwa ka ce bari in gwada in gani, ka faɗa haram. Data kuɗi ce, mutum ya cire daga aljihunsa ya saya, Annabi (SAW) kuma ya ce dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Kada ka ce ai a buɗe ya bar shi, ƙofar gida ma ana mantawa a buɗe amma Suratun Nur aya ta 27 ba ta ce a shiga in an tarar a buɗe ba, sai an nemi izni an yi sallama. Wanda aka saki don jama'a kamar na filin jirgi ko na makarantarku, wannan izninsa sananne ne. Mafi muni shi ne kama abin da ke wucewa a ciki, saƙonnin mutane da hotunansu, Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wanda ya saurari zancen mutane alhali suna ƙin haka za a zuba masa narkakkiyar dalma a kunne ranar ƙiyama. Ko waɗanda ba da Alƙur'ani suke hukunci ba a nan suka ja layi, a 2010 Google ya amsa cewa motocinsa masu ɗaukar hoton tituna sun kwashi bayanan mutane daga Wi-Fi marasa makulli, a 2013 ya biya dala miliyan 7 ga jihohi 38 na Amurka. Mu ma dokar laifukan intanet ta 2015 ta hana kutse da tare saƙonni, bin ta wajibi ne tunda ba saɓo ta umarta ba.

Inda na fi daɗewa ina juyawa shi ne turawar nan da kake yi zuwa taswira. WiGLE tun 2001 ake tara mata bayanai, abin da ya hau ya fita daga hannunka kenan. Shelar da na'urar maƙwabcinka ke yi iyakarta 'yan gidaje kaɗan, kai kuma ka ɗauke ta ka kai inda mutumin da ke Legas ko wata ƙasa zai rubuta suna ya ga lungun da gidan yake, to kaga ba abu ɗaya ba ne. Mutanenmu sunan gidansu suke sawa, ko sunan 'yarsu, ko lambar waya, ba su san za a adana ba. Ga ƙaramar na'urar Wi-Fi ta MiFi da ake yawo da ita a jaka, ga wanda ya kunna rabon data a wayarsa, in ka kama shi a gida yau gobe ka kama shi a kasuwa ai mutum ka bi ba na'ura ba. Ga wanda sunan ya nuna Starlink ce, intanet ɗin tauraron ɗan adam, a gidan ko kyamarar tsaro, a wannan zamani da masu garkuwa da mutane ke aiki da masu kai musu rahoto wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Google ya fito da hanya a 2011, mai na'ura ya ƙara _nomap a ƙarshen sunan don a tsallake shi, amma Hajiyar da ɗanta ya haɗa mata Wi-Fi ya koma wurin aiki ina ta san wannan? Shirunta ba yarda ba ne.

Ba zan ce maka turawar haramun ce kai tsaye ba, tunda ba ka nufi cuta ba kuma cutar ba tabbas ba ce. Amma malamanmu Malikawa sun yi ƙarfi a babin toshe kafar ɓarna, ga hadisin ba cuta ba cutarwa da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ga haƙƙin hanya da Annabi (SAW) ya lissafa har da kame cuta daga mutane. Da waɗannan nake ganin tura na unguwannin gidaje makaruhi ne mai ƙarfi, in kuwa ka san wani zai yi amfani da shi ya gano gidan wani ko ya bibiyi wata mace, ko niyyarka ce ka dawo ka yi kutse, ya zama haram tun daga kunna manhajar, ayyuka da manufofinsu suke tafiya.

Ɗalibin nawa ya nuna mini turawar zaɓi ce, to ka bar bayanan a wayarka don karatunka, in aikin makaranta ne ka goge sunaye ka bar ƙidaya, kaza suna da makulli irin WPA2 kaza a buɗe suke. In hukumar makaranta ko wani kamfani suka sa ka duba nasu, ka karɓi izni a rubuce, wannan sana'a ce halal kuɗinta ma halal. In ka ga na maƙwabci a buɗe kada ka hau don ka nuna masa, ka same shi bayan sallah ka faɗa masa a asirce, in ya yarda ka gyara masa. Abin da ka riga ka tura a baya babu laifi a kanka tunda ba ka sani ba, sai dai in ka tuna akwai na gidajen da ka sani ka nemi masu manhajar su cire.

Allah ne mafi sani.