Kafin ka ɗaure kaya saboda topoloji

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin lissafi a Jami'ar Danfodiyo, ka ga wani take a intanet kan fankshin (ƙa'idar da ke haɗa kowace lamba da amsarta) mai amsa da yawa da yadda ake zaɓe a cikinsa, ya burge ka, kana son zuwa nan Folan ka yi digirin digirgir a kai. Na ji daɗi, don ba kowa ke waiwayar wannan reshe na topoloji ba, wato lissafin siffofi da tafiya sumul ba yankewa. Amma bari in tambaye ka: taken ne ya burge ka, ko aikin?

Aikin ga shi. Ka je kasuwar albasa a Sakkwato ka tambayi kuɗin buhu. Ba za a ba ka lamba ɗaya ba, akwai abin da mai kaya zai sallama, akwai abin da dillali ya fara yankawa, duk abin da ke tsakani farashi ne. Kowace rana da tarin amsoshinta. Tambayarmu ita ce, za a iya tsamo amsa guda a kowane lokaci yadda layin zai tafi sumul, ba tsalle? Ernest Michael na Jami'ar Washington a Amurka ya nuna a 1956 cewa ana iyawa, in tarin kowace gaɓa rufaffe ne, ba rami ba lanƙwasa a cikinsa, kuma ba ya tsukewa kwatsam, da wasu sharuɗɗa kan sararin da ake aiki a kai. Cire sharaɗin ramin ka ga ikon Allah. Kowace lamba a kan da'ira tana da saiwa biyu, wato lambobi biyu da in ka ninka kowace da kanta za ta ba ka lambar. Kama ɗaya ka zagaya da ita, kana dawowa inda ka tashi za ka tarar ɗayar ce a hannunka. Nan zaɓin ya karye. Ni wannan misalin ne ya hana ni barci shekarata ta farko.

Akwai kuma abin da muke kira matattarar ƙima. Ɗauki sin(1/x). In x ta doshi sifili ba ta da iyaka guda, tana ta kaiwa da komowa, amma kowace lamba daga -1 zuwa 1 tana kusantarta. Wannan tarin shi ne matattarar. In ba ka iya tabbatar da haka a takarda yau ba tare da leƙa littafi ba, to da sauranka.

Kada wani ya ce maka abin ba shi da amfani. Da ƙa'idar Kakutani ta 1941 kan irin waɗannan fankshin masanin lissafi John Nash ya kafa hujjarsa ta samuwar daidaito tsakanin masu gasa a 1950, masana tattalin arziki na cin gajiyarta har gobe.

Maganar zuwa. Warso, babban birnin Folan, gidan topoloji ce, nan Sierpinski da Kuratowski suka yi aiki, kuma tun 2019 makarantun digirgir na ƙasar ba sa karɓar kuɗin karatu, shekara huɗu ce da alawus. Sai dai masu wannan ɗan reshe ba su da yawa, sun warwatsu tsakanin Folan da Sulobakiya da Yukren. Malami ake nema, ba gari ba. Karanta takardarsa guda da kyau, ka rubuta masa tambaya a kanta. Wasiƙar roƙo kawai ba a amsa ta.

Da ni ne kai, da na fara da digiri na biyu. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Afirka (AUST) a Abuja, akwai cibiyoyin nazarin lissafi na AIMS a Gana da Senegal da Ruwanda, akwai difloma ta shekara ɗaya a cibiyar binciken kimiyya ta ICTP da ke Trieste a Italiya. Ni na tsallake wannan matakin, na sha kunya a aji wata shida.

Ga sanyi. A Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, kai da ka saba da ranar Sakkwato sai ka yi shiri. Ka turo mini amsar sin(1/x) kafin Juma'a, da hannunka. Ka gaida su Inna.