Ina son yin bincike kan raunin laka da lafiyar ƙashi: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta gashin ƙashi a jami'a, na gama hidimar ƙasa, yanzu ina aiki a Kaduna. Masu raunin laka ne suka fi tsaya mini a rai, musamman yadda wasunsu ke karyewa bayan shekaru ba tare da wani hatsari ba. Burina in koyar a jami'a in yi bincike a kan haka. Ta ina zan fara? Daga wata mai karatu a Unguwar Rimi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika lura da shi ya isa ya zama tushen aikinki.

Ƙashi da ɗaukar nauyi yake rayuwa. Da zarar laka ta samu rauni mutum ya daina takawa, ƙashin da ke ƙasa da wurin raunin sai ya fara zaizayewa da sauri, musamman a watannin farko. Inda ya fi cin wuya shi ne kewayen gwiwa, wato ƙarshen ƙashin cinya da saman ƙashin ƙauri. Cikin 'yan shekaru wurin zai iya rasa kusan rabin sinadarinsa. Shi ya sa ɗaga mutum daga gado zuwa keke, ko miƙe masa ƙafa da ƙarfi lokacin gashi, kan jawo karaya. Tunda ba ya jin zafi, alamar kan zama kumburi, ɗumi ko yawan fizgar ƙafa. Wanda rauninsa ke daidai ƙashin baya na 6 na ƙirji ko sama da nan, idan ya karye jininsa na iya hauhawa farat ɗaya da ciwon kai da gumi, kuma wannan na gaggawa ne. Kalsiyam ɗin da ke fita daga ƙashi ma ba ya tafiya salin-alin, yakan taru ya zama tsakuwar ƙoda.

Ta fuskar karatu, sai ki yi digiri na biyu, kimanin shekara 2, sannan na uku, aƙalla shekara 3. Jami'ar Bayero ta Kano na da tsohon sashen gashin ƙashi, ga Asibitin Ƙashi na Dala a garin. A gida kuwa akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Barau Dikko da Jami'ar Jihar Kaduna ke koyarwa a cikinsa. Shawarata, ki nemi malami kafin ki nemi makaranta. Ki duba abin da ya wallafa a shekaru 5 da suka wuce, ki tambayi ɗalibansa ko yana karanta aiki a kan lokaci. Ɗalibai da yawa a nan suke maƙalewa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko tambayar da kayan aikinta ba sa kusa. Na'urar DEXA ce ake auna ƙarfin ƙashi da ita, ba kowane asibiti ke da ita ba, kuma kowane awo kuɗi ne. Ko an same ta, yawanci ƙugu da ƙashin baya ake aunawa, alhali a wajen mai raunin laka awon baya na iya ruɗarwa: ƙarfen da aka sa masa a tiyata ko tsiron ƙashi sai su nuna kamar ƙashin lafiya lau yake. Gwiwa ya kamata a auna, don haka ki tabbatar mai sarrafa na'urar ya iya tun kafin ki rubuta tsarin bincikenki.

In na'urar ba ta samu ba, akwai aikin da ya fi ta muhimmanci a wurinmu: bin sawun marasa lafiya bayan sallama. Hatsarin mota da babur ne ke kawo akasarinsu, kuma da sun koma gida labari ya yanke. Wa ya karye, a wace gaɓa, yana me? Wa aka kai wa mai ɗori? Wa ya samu gyambon kwanciya? Ki koyi ma'aunin ASIA da ke rarraba rauni daga A zuwa E har ki ƙware, domin idan ba a tantance zurfin rauni ba, babu mujallar kirki da za ta karɓi sakamakonki. Ki kuma nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin kafin ki buɗe fayil ko ɗaya.

Batun kuɗi: tallafin TETFund, wato asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa ilimi mai zurfi, na malaman manyan makarantun gwamnati ne, sai kin samu gurbi za ki iya nema. Ƙarin girma kuma da wallafa yake tafiya, amma ki guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda ba tare da tacewa ba.

Tun ranar da kika ɗauki mara lafiya cikin binciken, ki karɓi lambar waya 2 ko 3, tasa da ta mai jinyarsa da ta wani dangi, ki rubuta unguwa da sunan mai unguwa. Ki fassara takardar amincewa zuwa Hausa, a karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban shaida, sannan ki sa ranar kira a wata na 3, na 6 da na 12.