Maigidana ya fara shiga duwatsu da mashin ɗin ƙanƙara, hankalina ya ƙi kwanciya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina zaune a Kalgari ƙasar Kanada da maigidana da yara. Bana ya fara bin abokan aikinsa suna tafiya wajen garin Revelstoke a lardin Biritish Kolumbiya da mashin ɗin nan da ake tuƙawa a kan dusar ƙanƙara, su nausa cikin duwatsu inda ba hanya ba netwok. Na ji ance ƙanƙarar na zaftarowa ta binne mutane. Da na yi masa magana sai yace ai ya sayi na'urar da ake nemo mutum da ita da jakar nan mai kumbura, kuma abokan nasa sun daɗe suna zuwa. Dan Allah wannan ya isa? Ni kuma daga gida me zan iya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kina da gaskiyar damuwa, kuma kayan da ya saya basu isa ba. Ba zan ce ki hana shi ba, dan dubban mutane na wannan wasa duk hunturu su dawo gida lafiya, amma sai mutum ya san gangaren da ba a hawa da ranar da ba a hawansa, wannan kuwa ba a sayensa a shago, koyo ake yi.

Bari ki fara gane yadda abin yake faruwa. Dusar ƙanƙara a kan dutse hawa hawa take, kowace zubowa da tata shimfiɗar. Wani lokaci sai gari ya washe sanyi ya tsananta, wasu ƙwayoyi marasa ƙwari su fito a samanta, sai sabuwa ta zubo ta rufe su iska ta daddanne ta ta zama fale guda mai tauri. Kamar ki baza gero a kan daɓe mai gangare ki ɗora katako a kai, zai zauna, amma taɓawa kaɗan zai sulale. Wannan raunin kan yi makonni a ƙasa ido baya ganinsa, sama kuwa fari tas gwanin sha'awa. Mashin da mutum a kai ya kai wajen kilo 300, in ya maƙale a gangare yana ta murza totur sai ya dinga haƙa ƙasa har ya taɓo inda raunin yake, falen ya tsage daga samansa ya taho gaba ɗaya, cikin 'yan daƙiƙu gudunsa na iya haura kilomita 100 a awa. Galibi a gangare mai digiri 30 zuwa 45 ake samun haka, wanda kuma shine daidai irin wanda masu mashin suke so su gwada ƙarfin injinsu a kai. Kuma kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda abin ya rutsa da su, su ne ko wani a cikin ayarinsu ya tada shi. Wannan magana ita ce ya kamata ta ɗan sanyaya miki zuciya, tunda yawancin abin a hannun mutum yake, wato inda ya zaɓa ya bi.

Yanzu maganar na'urar. Aikinta kawai ta nuna inda mutum yake a binne, hannun abokin tafiya ne zai tono shi. In ƙanƙarar ta tsaya nan take take daskarewa, wanda ke ciki ko yatsa baya iya motsawa, numfashi ne ke ƙare masa. Binciken da aka yi a Suwizalan ya nuna in an tono mutum cikin minti 15 sama da kashi 90 suna rayuwa, daga nan abin ya faɗi ƙasa warwas, a Kanada ma binciken ya nuna tun daga minti 10 yake fara faɗuwa, ga kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu da buguwa da bishiya ko dutse ke kashewa tun kafin a zo maganar numfashi. Babu jirgi mai saukar ungulu da zai iso cikin minti 10. Dan haka da yace abokansa sun daɗe suna zuwa, daɗewa bata gamsar da ni ba, mutum na iya shekaru yana hawa wuri mai haɗari sa'a kawai yake ci. Tambayar da za ki yi masa ita ce, su wa suka yi kwas a cikinsu, kuma yaushe rabon su gwada neman juna?

Kwas ɗin da ake fara yi a nan shine AST 1, tsarin hukumar Avalanche Canada wadda hedikwatarta ke Revelstoke ɗin da yake zuwa, kwana biyu ne yawanci, ɓangaren aji da ɓangaren fita daji, kuma akwai wanda aka keɓe wa masu mashin, shi zai nema dan yadda suke tafiya daban yake da na masu silalo da ƙafa. A ranar fita malami zai binne jaka da na'ura a ciki yace a nemo. Anan ake ganin gaskiyar mutum. Wani sai ya manta bai juya tashi na'urar daga aika sigina zuwa nema ba, kowa ya dinga bin siginarsa ana ɓata lokaci, wani hannunsa na rawa ya kasa haɗa sandar lalube, wato doguwar sandar da ake sokawa cikin ƙanƙara a gano inda mutum yake. Wanda ya iya kuwa za ki ga yana bin lambar da ke kan na'urar, mai nuna nisansa da wanda ake nema, tana raguwa, 12, 8, 3, sai ya durƙusa ya kai ta dab da ƙanƙara har ya sami mafi ƙanƙantar lamba, ya dinga soka sandar a zagaye har ya ji ta taɓa abu mai laushi, ya bar ta a wurin a tsaye, sannan a fara haƙa da shebur daga ɓangaren gangare ana karɓa-karɓa saboda mutumin da ke ƙasa da mita ɗaya sai an kwashe abinda ya kai tan guda kafin a kai ga fuskarsa. Shebur da sandar nan a jakar bayansa za su kasance, kada ya ɗaure su a jikin mashin, dan mashin ɗin na iya binnewa ya bar shi hannu banza. Na'urar kuma a jikinsa ƙarƙashin riga, waya ta yi nesa da ita aƙalla santimita 20 dan tana rikita siginar.

Jakar mai kumbura tana taimakawa gaskiya, tana sa mutum ya tsaya a sama sama, amma sai ya samu ya ja igiyarta a cikin ruɗanin nan, kuma bata hana shi buguwa da bishiya ko cusuwa cikin kwari.

Abinda ya fi ci mini rai da masu mashin shine taruwa a gindin dutse ana kallon mai hawa, da kuma hawa a taimaki wanda ya maƙale. Ranar 28 ga Disamba 2008 a Harvey Pass kusa da Fernie, ƙanƙara ta binne wasu, 'yan'uwansu suka zo tono su, ta biyu ta sauko ta rufe su duka, mutum 8 daga garin Sparwood suka rasu cikin 11. A watan Maris 2010 a Boulder Mountain nan kusa da Revelstoke, kusan mutum 200 ne suka taru a ƙasan gangare suna kallo, 2 suka rasu wajen 30 suka ji rauni. Ƙa'idar ita ce mutum ɗaya a kan gangare a lokaci ɗaya, saura su tsaya can gefe inda ko ta sauko ba za ta iske su ba, idonsu a kansa, kan mashin na kallon hanyar gudu. In ya maƙale a bar shi ya fidda kansa, wannan da wuya a zuciya na sani, amma hawa samansa ƙara nauyi ne a kan abinda zai binne su duka.

Ke kuma daga gida kina da aiki babba. Ki buɗe avalanche.ca daren da zai tafi ku duba tare, akwai hasashen haɗarin zaftarewar ƙanƙara na kowane yanki a mataki biyar, 5 ce mafi haɗari. Kada lamba 3 ta yaudare ki dan tana tsakiya, a ita aka fi mutuwa, saboda a 4 da 5 mutane na jin tsoro su zauna a gida, a 3 kuwa rana ta fito kowa na ganin ba komai. In 3 ce ki tambaye shi ina za su bi, amsa mai kyau ita ce fili da gangare mai sauƙi wanda ba wani babban dutse a samansa. Ki lallaɓa shi kuma ya zama mai iya cewa mu juya, dan sabon shiga a cikin abokan aiki kunya ke sa shi bin abinda zuciyarsa bata so.

Kafin ya fita ya rubuta miki sunan wurin da za su ajiye mota, lambar motar, yankin da za su shiga, sunaye da lambobin waɗanda ke tare da shi, da lokacin da zai kira ki. Tunda ba netwok ya riƙe na'urar saƙo ta tauraron ɗan adam irin su inReach ko Zoleo. Ku tsaida lokaci guda, misali in ƙarfe 7 na dare ta yi baki ji shi ba, kada ki tsaya jiran safiya, ki kira 911 ki ce a haɗa ki da 'yan sandan RCMP na yankin da ya shiga, ki karanto musu takardar nan, su ne za su tada masu ceto, kuma a Biritish Kolumbiya 'yan sa kai ne basa karɓar ko sisi, dan haka kada tsoron kuɗi ya sa ki jinkirta kiran.