Ranar godiyarki, ke za ki zuba wa baƙi ruwa

'Yata, na ga saƙonki, na kuma gode wa Ubangiji da ya kai ki ƙarshen sakandare lafiya. Kin tambaye ni me ya sa a gidanmu wanda ya gama makaranta shi ne ke raba abinci ranar sujadar godiya, ya kuma bi gida-gida yana durƙusa wa manya, alhali ƙawayenki ana kama musu wurin biki, suna zaune a babban teburi ana ɗaukarsu hoto. Kin ce kamar ana rage darajar wahalar da kika sha. Ban ga laifin tambayarki ba.

Shekara 6 kika yi kafin ki zauna WAEC da NECO. Ki tuna hannuwan da suka tallafe ki. Babanki ya sha sayar da masara da kaka, lokacin da buhu ba shi da daraja, domin kuɗin makaranta ba ya jiran farashi ya tashi. Matan Zumunta sun yi karo-karo lokacin rajistar jarrabawa, a cikinsu har da gwauruwar da ke tuya ƙosai a bakin hanya, wadda ta kwance bakin zaninta ta ba da abin da ke ciki. Wannan matar ba za ta shiga zauren biki ba, kunya za ta ji. Sai dai ke ki je inda take.

Amma tushen abin yana cikin Yohanna sura 13. Ki karanta a hankali. Kafin a ce Yesu ya tashi daga cin jibi, an fara faɗa mana cewa ya san Uba ya sa kome a hannunsa. Da wannan sanin ne ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya shiga wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawan gida ke yi wa baƙi masu ƙura. Bitrus ma sai da ya ƙi, don abin ya yi masa nauyi. Shi ya sa iyayenmu suka zaɓi ranar da kan yaro ya fi girma, ranar da kowa ke yabonsa, su ce ya ɗauki buta. A ranar da aka faɗi jarrabawa kowa ma mai tawali'u ne.

Kada ki ɗauka ina cewa ki rage himma. Ki ci JAMB da kyau, ki nemi likitancin da kike so, ni ce ta fari wajen yi miki addu'a. Farfesa Ishaya Audu a makarantar Wusasa ya yi karatu, ya zama likitan yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ministan harkokin waje a zamanin Shagari. Bayan wannan duka ya koma Samaru yana duba marasa lafiya, yana wa'azin bishara. Ilimi bai hana shi sunkuyawa a kan gadon talaka ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne irin nasarar da ake tallata muku yanzu. Za ki ga waɗanda suka sayi amsa sun fi ki maki, an buga sakamakonsu a Facebook ana ta tafi. A jami'a za ki ga yarinya sa'arki da wayar da albashin babanki na shekara ba zai saya ba, kuma ba wanda zai tambaye ta inda ta samo. A nan ne tambayar Yesu a Markus sura 8 za ta tsaya miki a gaba: wace riba mutum ya ci in ya sami duniya duka ya rasa ransa? Wanda ya saba zama a baya ba tare da zuciyarsa ta yi zafi ba, da wuya a saye shi da kujerar gaba. Sai dai ki ji ni da kyau: tawali'u bai ce ki yi shiru in wani malami ya nemi abin da bai dace ba. Ki ce a'a da babbar murya, ki kira mu.

Ranar Asabar ki fara da kakarki, sannan malaminki na makarantar Lahadi, sannan Hajiya maƙwabciyarku da ta riƙa ba ki fitila lokacin karatun dare. Ƙawarki da sakamakonta bai yi kyau ba, ki je ki ɗauko ta da kanki, kada ki yi mata zancen maki. Kek kuwa za a yanka bayan kowa ya ci ya ƙoshi, na riga na yi magana da mai yi. Ki gaida mamanki, ki ce mata ina tafe ranar Juma'a da yamma.