Sa wa tsohuwar Peugeot 504 sauti na zamani ba tare da an yanka dashbod ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Peugeot 504 salun ƙirar 1981, haɗin Kaduna, wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Komai na cikinta na asali ne, har da rediyon Blaupunkt mai maɓallan murɗawa biyu, da lasifika ɗaya tak a gaba. Rediyon yana kama tasha, amma muryarsa ta dushe. Ina so in riƙa sauraren karatu da wa'azi da waƙa daga wayata idan na kama hanyar Gusau ko Birnin Kebbi. Riwayan da na kai wa ya ce sai ya faɗaɗa ramin dashbod ya sa mai allo, kuma ya huda ƙofofin nan huɗu. Hankalina bai kwanta ba. Akwai wata hanya? — Wani mai karatu daga Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Hanya akwai, kuma ka yi daidai da ba ka bari an sa zarto ba. Waya ana sauya ta, lasifika ana sauya ta, amma dashbod ɗin 504 da aka yanka ba ya komawa yadda yake, kuma samun wani mai lafiya, wanda rana ba ta tsattsaga ba, ya fi samun inji wuya a yau. Saboda haka ka ba riwayanka sharaɗi ɗaya tun farko: duk abin da zai sa a motar nan, ya zama ana iya kwance shi da sufana da sukundireba a mayar da ita kamar ba a taɓa ba. Ba yanka, ba huda, ba datse wayarin na asali.

A fara da rediyon, domin yawanci bai mutu ba, tsufa ne kawai. Cire shi ka juya bayansa. Da yawa daga cikin rediyon Blaupunkt da Becker na shekarun 1960 da 1970 suna da wani soket zagayayye mai ramuka a baya, an toshe shi da ɗan murfi. An yi shi ne don a jona na'urar kaset. Idan naka yana da shi, ka huta: ana sayar da ƙaramin akwatin Bluetooth da ake cusawa a nan, a ɓoye shi bayan dashbod. Sautin wayarka zai bi ta cikin rediyon Baba, maɓallin ƙara murya na asali shi zai ci gaba da aiki. Sai dai a kula da abu biyu. Ramukan ba iri ɗaya ba ne, akwai mai 5, mai 6 da mai 7, kuma jonin cikinsu ya bambanta, don haka a karanta lambar samfurin da ke jikin takardar rediyon kafin a saya. Na biyu, murfin nan ba ado ba ne, shi ke haɗa hanyar sauti a ciki; idan aka cire shi aka yar, rediyon zai yi shiru. A adana shi.

Idan babu soket, akwai na'urar da ake sa wa tsakanin wayar eriya da rediyo, ta mayar da sautin wayarka kamar tashar FM. Wannan ta fi wadda ake cusawa a ramin kunna taba nesa ba kusa ba, domin idan ta kunna tana yanke eriya, tashoshin gari ba su shigo mata. A duba fuskar rediyon tukuna: tsofaffin rediyon Turai da yawa FM ɗinsu yana tsayawa ne a 100 ko 104, ba ya kai 108, don haka a saita na'urar a ƙasa, wajen 88.

Dushewar murya kuwa, galibi daga wuri biyu take. Ko takardar lasifika ta bushe ta yage, ko ƙananan kafasito na cikin rediyon sun ƙafe bayan shekara 40 a zafi. Mai gyaran rediyo na gaske zai sauya su duka da masu awo iri ɗaya, ya wanke maɓallin murya da ruwan wanke lantarki. Aikin ba shi da tsada, kuma ba ya taɓa fuskar rediyon.

To amma ko ya warke sarai, ƙarfinsa bai wuce wat 4 zuwa 6 ba. A cikin gari ya isa. A kan titin Gusau, gilashi a sauke, iska da ƙarar inji za su haɗiye shi. Nan ne amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, ke shigowa, kuma nan ne ake yawan ɓata aiki, don haka bari mu daɗe a kai.

Nemi ƙarami, samfurin Class D, mai hanya huɗu, wato mai ɗaukar lasifika huɗu, wat 45 zuwa 50 kowace hanya. Lambar da za ka duba ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, ita ce ƙarfinsa na gaskiya. "1000W" da ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwali talla ce. Mun ce Class D ne saboda ba ya cin wuta sosai kuma ba ya zafi kamar tsofaffin, girmansa kuma bai fi tafin hannu biyu ba. Ya kasance yana da mashigar da ke karɓar sauti kai tsaye daga wayar lasifika, domin tsohon rediyo ba shi da ramin RCA, wato mafitar da aka saba jona amfilifaya a ciki. Wayar da da take zuwa lasifikar gaba ita za ta shiga amfilifaya. Wasu tsofaffin rediyon ba su son a bar su babu nauyin lasifika a kansu, don haka a sa resista mai om 10, wat 10, a madadinta. Sautin da zai fito ta wannan hanya na baki ɗaya ne idan rediyon mono ne. Ga karatu da wa'azi da labarai babu abin da ka rasa. Idan kana son waƙa ta rabu hagu da dama, sai a sayi amfilifaya mai Bluetooth a jikinsa, wayarka ta yi magana da shi kai tsaye, rediyon Baba ya zauna da lasifikarsa don Rima Radio da sauran tashoshi.

Kafin a saya, a auna wutar motar. Altanetar motocin wancan zamani yawanci amfiya 35 zuwa 55 take bayarwa. Amfilifaya mai wat 45 sau huɗu, idan aka ƙure shi, zai ja kusan amfiya 16, amma a sauraro na yau da kullum bai fi 5 ko 6 ba. Fitilun gaba biyu suna cin kusan 10, ga fanka, ga waifa, ga kwayil. Lissafin yana fita, amma ba ya ɗaukar manyan akwatunan buga ƙasa irin na matasa. A sa mita a kan batir: mota a kashe, volt 12.4 zuwa 12.6; inji na aiki, 13.8 zuwa 14.4. Idan ka kunna fitila da fanka ka ɗan taka totur amma bai kai 13.5 ba, a gyara caji tukuna, belt ne ko buroshi ko ragileta.

Wutar amfilifaya daga batir za ta fito kai tsaye, da sabuwar wayarta. Kada a ɗauke ta daga akwatin fis na motar ko daga bayan makulli. Waɗannan wayoyin sirara ne, robarsu ta tsufa, ba a yi su don wannan nauyi ba. Waya mai lamba 8, wato kusan milimita murabba'i 8 zuwa 10, ta isa. Ta zama jan ƙarfe zalla. Kasuwa cike take da ta alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a sama: kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki, ajiye ta. Tana zafi, tana cin tsatsa a mahaɗa, tana karyewa. Fis na amfiya 25 ko 30 a sa shi kusa da batir, kada ya wuce santimita 30 daga kan batirin. Mutane suna cewa ai amfilifaya yana da fis a jikinsa. Wancan na kare na'urar ne. Wannan na kare motar, domin idan wayar ta goge a jikin ƙarfe a hanya, babu abin da zai tsayar da wutar batir sai shi. Motoci da yawa a nan suke kamawa da wuta. Wajen shigar da wayar daga ɗakin inji, a bi ramin da ke akwai mai zoben roba, a sa ta cikin rigar waya, a nisanta ta da salansa da sandar sitiyari.

Wayar atin, wato wadda ke komawa jikin mota, kaurinta ɗaya da ta wuta, gajera, ƙasa da rabin mita. A ɗaure ta a wani kusoshi da ke akwai, a kankare fenti har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam, a shafa man giris kaɗan. Sai siririyar wayar da ke tada amfilifaya. Idan rediyon yana da mafitar eriya mai tashi da kanta, a jona a nan: ka murɗa maɓallin Baba, komai ya tashi, ka kashe, komai ya mutu. Idan babu, a ɗauka daga wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli. Aka jona ta a wuta mai zama kullum, to kwana biyu mota na ajiye batir ya sauka.

Ga kuskuren da ya fi kashe sabbin kaya a tsofaffin motoci. A da, sau da yawa waya ɗaya ake ja zuwa lasifika, ɗaya ƙafar a ɗaure ta a jikin mota, ko lasifikoki biyu su yi tarayya a waya ɗaya. Na'urorin yanzu ƙafafun nan biyu duk masu wuta ne. Ɗaya ta taɓa ƙarfe, amfilifaya ya kashe kansa ko ya ƙone. Kowace lasifika a ja mata wayoyinta biyu sababbi tun daga amfilifaya. Tsofaffin a naɗe bakinsu a bar su inda suke.

Ina za a ajiye shi? Ƙarƙashin kujerar gaba ta fasinja ya fi, a kan ɗan allon katako mai kaurin milimita 10 zuwa 12, a riƙe allon da ƙarfe a kusoshin kujera. Kada a huda daɓen mota, bututun mai da na birki ta ƙarƙashi suke bi. Allon yana ɗaga shi daga ƙasa, domin da damina tsofaffin robobin ƙofa suna shigo da ruwa ya kwanta ƙarƙashin kafet. Kada a kulle shi cikin akwatin dashbod. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka da nisa, amfilifaya mara iska zai riƙa ɗaukewa ana cikin tafiya. A bar masa sarari kamar yatsa uku ta sama. Wannan zafin ne kuma ya sa ba mu yarda da gam mai fuska biyu ko murɗa waya a naɗe da salatif ba: gam ɗin yana narkewa, salatif ya saki. A yi soda, a sa robar nan mai tsukewa da zafi. Bayan hunturu a hure ƙurar da ta taru a jikinsa.

Lasifika: ta gaba, a auna ramin da zurfinsa, a sayi wadda za ta zauna a kusoshin asali ƙarƙashin ragar asali. Akwai mai ƙafa huɗu da ke ɗaukar hagu da dama a jiki ɗaya, an yi ta ne don motoci masu rami ɗaya. Zaɓi om 4, mai lambar ji 90 dB ko sama, wato wadda ke yin ƙara da wuta kaɗan, fatarta ta roba mai tauri, bakinta na baƙar roba. Mai bakin soso ba ta jure rana irin tamu, tana rugujewa. A baya, kafinta ya yi ƙananan akwatuna biyu na lasifika mai santimita 13, mai kushin ya lulluɓe su da yadi kalar kujerun, a ajiye a kan allon bayan kujera, a ɗaure su da kyau don kada birki ya jefo su. Ƙofofi a ƙyale su. Idan kana son nauyin sauti, ɗan akwatin ƙarƙashin kujera mai inci 8, tsayinsa santimita 7 zuwa 8, ya wadatar. A jikin amfilifaya a kunna matatar da ke hana ƙananan lasifikoki sauti mai nauyi, a saita ta wajen 100 Hz, in ba haka ba za su yi ta ɓarɓar har su yage. Don gane ƙafar lasifika mai alamar (+), taɓa batirin tocila mai volt 1.5 a ƙafafun: in fatar ta turo waje, wadda ke taɓa kan batirin mai alamar (+) ita ce. Aka juya ɗaya, sautin zai fita ba nauyi.

Bayan an gama, tada inji ka saurara. Kuka siriri mai tashi da sauka tare da totur, daga altaneta yake: a sake duba atin, a raba wayar sauti da ta wuta, ɗaya ta bi hagun mota ɗaya dama, in ya ƙi a sa kafasito mai maikrofarad 2.2 a bayan altaneta. Ƙas-ƙas mai saurin bin bugun inji kuwa daga filogi ne da kwantak: a sa filogi masu resista da wayoyin filogi masu hana ƙara, a sa kafasito a ƙafar kwayil mai karɓar wuta daga makulli, ba ƙafar da ke zuwa distiributa ba, domin can zai hana mota tashi daidai. Maɓallin gain na jikin amfilifaya kuma ba na ƙara murya ba ne, na daidaita sautin da ke shigo masa ne. Kai muryar wayarka kashi uku cikin huɗu, ka murɗa gain ɗin a hankali har murya ta fara ƙazancewa, sannan ka dawo baya kaɗan ka bar shi nan.

Idan rediyon ya mutu murus, akwai sababbi masu fuskar da, irin su RetroSound mai sandunan maɓalli da ake matsarwa su dace da ramin da ke akwai, da Blaupunkt Bremen SQR 46 DAB mai kamannin shekarun 1980, wanda ke buƙatar rami mai faɗin milimita 180 da tsayin 50 ko kusa da haka. A auna ramin da ruwla kafin a biya kuɗi. Tsohon rediyon, da lasifikarsa, da kusoshinsa, da murfin soket, a sa su kwali ɗaya a rubuta a kai, a ɗauki hoton wayarin kafin a taɓa komai. Masu Beetle ta kafin 1967 su sani tasu volt 6 ce, masu tsofaffin motocin Ingila na kafin tsakiyar shekarun 1960 kuma su duba wace ƙafar batir ce ke jikin mota, domin wasu a juye suke. Taka 504 volt 12 ce, atin a ƙafar da aka saba, wato mai alamar (-), don haka duk kayan da muka lissafa za su hau ta kai tsaye.