Koyon rubutun Larabci na ƙawa zai rage mini damuwar zaman baƙunta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata uku a Italiya, ta Agadez da Libiya na biyo. Tun zuwana barci ba ya ɗaukata sosai, zuciyata kullum tana gida. A cibiyar da ke taimaka wa baƙi an buɗe aji duk Asabar, ana koyar da rubutun Larabci na ƙawa, daga baya a zauna shiru minti goma ana lura da numfashi. Sun ce yana maganin damuwa. Da gaske ne, ko ɓata lokaci ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Kada ka fasa zuwa ajin nan, yana da amfani. Amma akwai inda ƙarfinsa ya tsaya, kuma zan nuna maka wurin.

Abin da kake ji ba raunin imani ba ne. Wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin Basalona na ƙasar Sifen, Joseba Achotegui, wanda ya daɗe yana duba 'yan ci-rani, ya siffanta irin wannan hali a 2002. Ya lissafa rashi bakwai da baƙo kan ɗauka a ka, daga ciki har da iyali, harshe, ƙasa da matsayi. Mutumin da ake gaishe shi da sunan mahaifinsa a unguwa ya wayi gari yana layi da lamba a hannu. Jikin da ya saba da zaman ɗar-ɗar, ko dare ya yi ba ya yarda ya saki.

To ina ruwan alƙalami da wannan? Malamin zai miƙa maka kara fiƙaƙƙe, an yanke bakinsa a karkace. Ka tsoma a tawada, ka ɗora a takarda, ka ja kaɗan, sai ɗigo mai kusurwa huɗu ya fito. Da wannan ɗigo ake auna kowane harafi, tsarin da ake jingina wa Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a 940. Alif a wani salon tsayinsa ɗigo biyar ne, a wani bakwai. Hankalin da ke ƙirga ɗigo yana bin lanƙwasar nun ba shi da sararin komawa kan takardun zama. Sannan hannu ba ya jan layi miƙaƙƙe in ƙirji na haki, shi ya sa marubuta kan riƙe numfashi yayin jan harafi, su sake shi a hankali wajen tsoma alƙalami. Fitar da numfashi sannu a hankali kuwa yana rage gudun bugun zuciya. Ka yi haka sau ɗari a zama guda, jiki zai fara tuna yadda ake natsuwa.

Kai kuma kana da wata riba, in dai ka yi makarantar allo. Ƙanshin tawadar da aka haɗa da ƙaro da ƙarar alƙalami a kan takarda za su kai ka zauren malaminku tun kafin ka gama layin farko. Rubutun allonmu daga salon Magariba ya samo asali, shi ya sa muke sa wa fa ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Malamin aji zai ga kamar kuskure ne, domin a Nasakh, salon rubutun Larabci da aka fi sani a littattafan ɗab'i, fa ɗigonta a sama yake, ƙaf kuma biyu. Ka nuna masa yadda ake yi a gida. Ina so ƙwarai ka yi haka, don wanda ya shekara uku ana koya masa komai yana bukatar ranar da shi ma zai koyar. A ganina rabin amfanin ajin yana nan: zama kafaɗa da kafaɗa da mutane ba tare da an ce sai ka ba da labarin abin da ya same ka ba.

Zaman shirun nan, irin wanda asibitocin Turai ke amfani da shi ya fito ne daga shirin mako takwas da Jon Kabat-Zinn ya fara a Amurka a 1979. In zuciyarka ta fi kwanciya da zikiri, ka haɗa numfashin da tasbihi, aikin da yake yi a jiki ba zai ragu ba. Sai dai ka kula. Wanda ya ga tashin hankali a hamada ko a teku, wani lokaci rufe ido a cikin shiru shi ke dawo masa da hotunan. In ka ji haka, kada ka daure. Buɗe idonka, taka ƙasa da tafin ƙafarka, ka koma kan alƙalami.

Ga iyakar tasa. In rashin barcin ya haɗu da mugayen mafarkai masu maimaituwa, ko firgita a kan ƙaramin motsi, ko ka yi mako biyu ba ka jin daɗin komai har abinci, wannan aikin likita ne, ajin sai ya zama ƙari. Mai neman mafaka a Italiya yana da damar rajista da hukumar lafiya ya samu likitan iyali, wanda ba shi da takardu ma yana iya karɓar lambar STP, wato lambar asibiti ta baƙo marar takardun zama, a duba shi. Ka nemi a haɗa ka da tafinta. In kuwa tunanin kashe kanka ya taɓa zuwa maka, ka kira lambar agajin gaggawa 112 a ranar, kada ka jira Asabar.